Wane suna za mu ba kifin nan mai cin gansakukar teku: kifin zomo ko sijani?

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana masu rubuta ilimin halittu da Hausa. Akwai wani dangin kifaye na tekuna masu ɗumi wanda ake kira rabbitfish da Ingilishi, wato kifin zomo, masana kuma suka san shi da sunan Siganus, kuma ina so mu tsayar masa da suna guda a wannan zaren kafin kowa ya ci gaba da kiransa yadda ya ga dama. Shawarata ita ce mu kira shi sijani, jam'insa sijanai, amma ba zan nemi kowa ya amince ba sai na shimfiɗa hujjojina, kuma hujjojin ba za su fito ba sai an fara sanin kifin kansa.

Dangin yana da nau'o'i kusan talatin, dukkansu 'yan asalin Tekun Indiya ne da yammacin Tekun Fasifik, tun daga Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka har zuwa tsibiran da ke gabas da Ostareliya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da asalinsa Tekun Atlantika ne. Kifi ne mai faɗin jiki da ƙaramin baki, leɓensa na sama ya ɗan fi na ƙasa kauri, haƙoransa ƙanana ne a jere ɗaya masu yankan ganye, kuma mafi girman nau'o'insa bai cika wuce rabin mita ba. Da rana yake kiwo a ruwa marar zurfi. Idan dare ya yi, ko kuma ya tsorata, sai launinsa ya rikiɗe ya koma dabbare-dabbare, ya lafe a jikin dutse har mai nemansa ya wuce bai gan shi ba.

Abin da ya fi kamata mai karatu ya riƙe game da jikinsa shi ne ƙayoyinsa. Fiffiken bayansa yana da ƙaya 13, na ƙasa kusa da wutsiya yana da 7, sannan kowane ɗaya daga cikin fikafikan cikinsa biyu yana da ƙaya a farkonsa da wata a ƙarshensa, tsari ne da masana ke gane dangin da shi nan take. Akwai kuma wata gajeriyar ƙaya a gaban fiffiken baya, wadda ta kwanta tana duban kai, ita ce kan soki hannun wanda ya shafo kifin daga gaba. Ƙayoyin fikafikan nan suna ɗauke da dafi mai tsananin zafi, wanda ba a san shi da kashe lafiyayyen mutum ba amma yana iya hana masunci aiki, kuma taimakon farko da aka saba bayarwa shi ne tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa.

Kafin mu kai ga sunan, dole mu gyara kalmomi biyu da za su riƙa tafiya tare da shi. Da yawa daga cikinmu muna cewa ciyawar teku ga duk wani tsiro da ke cikin teku, alhali abubuwa biyu ne mabambanta. Akwai ciyawa ta gaskiya mai saiwa da fure da iri, wadda ke shimfiɗuwa a kan yashin ƙarƙashin ruwa, ita ce ta cancanci a ce mata ciyawar teku. Akwai kuma wadda ba ta da saiwa ko fure, tana manne wa dutse ne kawai, wata kore, wata ja, wata ruwan ƙasa, kuma wannan 'yar uwar gansakukar da muka sani ce, don haka gansakukar teku ya fi dacewa da ita ko da ta yi tsawon mutum. Kifin namu ya fi dogara ga ta biyun, ko da yake wasu nau'o'insa suna haɗawa da ta farkon. Mazauninsa kuwa ina kiransa tudun murjani, da sharaɗin a riƙa tunatar da mai karatu cewa murjani dabba ce ƙanƙanuwa mai gina wa kanta gida na farar ƙasa, kuma tarin gidajen ne ke zama tudun bayan dubban shekaru.

A nan ne amfanin kifin yake, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Murjani mai gina tudu yana rayuwa ne da hasken rana, domin a cikin jikinsa akwai wasu ƙananan halittu masu sarrafa haske su ba shi yawancin abincinsa. Gansakuka ma haske take nema, kuma ta fi murjani saurin girma nesa ba kusa ba. Idan aka bar ta, sai ta yi masa inuwa, ta riƙa gogar jikinsa duk lokacin da igiyar ruwa ta kaɗa, sannan ta mamaye duk wani fili da 'ya'yan murjani za su sauka su kafu. Abin da ke hana ta wannan mamaya shi ne bakunan kifaye masu cin ta kullum. An gwada haka a zahiri a tsibirin Orpheus da ke cikin babban tudun murjani na Ostareliya, inda masana suka kewaye wasu wurare da keji don hana manyan kifaye shiga, suka bar su fiye da shekara biyu. Cikin kejin sai doguwar gansakuka mai ruwan ƙasa da ake kira Sargassum ta tashi ta rufe murjanin, a waje kuwa, inda kifaye ke kiwo, murjanin ya ci gaba da farfaɗowa. An wallafa sakamakon a 2007.

Kifayen da ke wannan aiki ba iri ɗaya suke yin sa ba, kuma Hausa tana da kalmomin da za su rarrabe su ba tare da aro ba. Akwai masu kankare dutse da haƙoransu da suka haɗe kamar bakin aku, akwai masu tsinkar gajeriyar gansakuka tun tana sabon tsiro, akwai kuma masu figar doguwa bayan ta riga ta yi ƙarfi. Na ƙarshen nan su ne mafi ƙaranci, domin tsohuwar gansakuka tana da tauri, wata kuma tana da sinadarai masu korar mai ci. Wasu nau'o'in Siganus suna cikin 'yan kaɗan ɗin da ke iya figar ta, wasu kuma suna zura dogon bakinsu cikin ramukan da sauran kifaye ba sa kaiwa. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda aka yi a tsibirin Lizard, shi ma a Ostareliya, ya nuna cewa nau'o'in da ke yawo biyu-biyu suna yi wa juna gadi: ɗaya ya cusa kansa cikin rami yana ci, ɗayan ya miƙe da kai sama yana duban mafarauta, daga baya su yi musanya. Ni kam wannan hali kaɗai ya isa ya sa in ce kifin ya cancanci suna nasa na kansa.

Wani babban malaminmu ya rubuto cewa kifin zomo ya wadatar, tunda Hausa ta saba da irin wannan gini, kamar raƙumin dawa da jakin dawa da karen ruwa, kuma yaro zai riƙe shi cikin sauƙi. Allah ya gafarta malam, ginin ba shi da aibi ko kaɗan, kuma da zomo ɗaya ne a cikin teku da ban yi jayayya ba. Matsalar ita ce zomayen sun yi yawa. A Ingilishi kansa ana kiran wani kifi dabam da wannan suna, wato Chimaera monstrosa, mai guringuntsi a madadin ƙashi, wanda ke zaune a ruwa mai zurfi da sanyi a arewa maso gabashin Atlantika kuma ba ya cin gansakuka. Idan muka juya muka ce zomon teku, kamar yadda wata 'yar uwa ta kawo, sai mu yi karo da Aplysia, wata halitta mai taushin jiki daga dangin dodon koɗi wadda Turawa ke kira sea hare. Ingilishi ya raba hare da rabbit, mu kuwa duka biyun zomo muke ce musu, ga shi ita ma gansakuka take ci, don haka ruɗanin zai zama biyu.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi a wurina, domin ta shafi rai. A Masar, kifin da jaridu ke kira samakatul arnab, wato kifin zomo, shi ne Lagocephalus sceleratus, kifi mai kumbura ciki wanda hantarsa da ƙwansa da fatarsa ke ɗauke da guba mai shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Siganus kuwa ana cin namansa a ƙasashe da yawa, haɗarinsa a ƙaya yake. Marubutanmu suna fassara daga Larabci kamar yadda suke fassara daga Ingilishi, saboda haka ranar da mutum biyu suka rubuta kifin zomo, ɗaya yana nufin mai dafi a ƙaya wanda ake ci, ɗayan yana nufin mai guba a jiki wanda ke kisa, mai karatu ba shi da hanyar rarrabewa. Kuma kifayen biyu yanzu suna zaune a ruwa ɗaya a gabashin Bahar Rum.

An kuma kawo mai ƙaya a ƙafa, daga ɗaya sunan nasa na Ingilishi, spinefoot, amma kifi ba shi da ƙafa a Hausa. Kifin kiwo ma ba zai yiwu ba, domin kowa zai ɗauka wanda ake renonsa a tafki ake nufi.

Sijani kuwa ya fito ne daga bakin mutanen da suka san kifin tun kafin masana su rubuta shi. Masanin halittu ɗan Suwidin, Peter Forsskål, ya bi ayarin binciken da Danmak ta tura ƙasashen Larabawa, ya tattara kifayen Bahar Maliya tare da sunayen da masunta ke kiran su da su, ya rasu a Yaman a 1763, sannan abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya buga rubuce-rubucensa a 1775. Daga sunan Larabci sijan, wanda Misirawa ke furtawa sigan, aka ƙera Siganus. Ke nan ɗalibin da ya koyi sijani ya riga ya riƙe rabin sunan kimiyya ba tare da wahala ba. Ƙara wasali a ƙarshe kuma tsohuwar hanyar Hausa ce ta karɓar kalmomin Larabci, kamar yadda mizan ya zama mizani, marjan ya zama murjani. Ba ya karo da wata kalma tamu, kuma ba ya sa wa mai karatu hoton dabba marar cutarwa da za a ɗauka da hannu.

Wani ɗan uwa ya ce aro ba ya bayyana komai, mai jin sijani karon farko ba zai san ko tsuntsu ne ko kifi ba. Gaskiya ne, Yaya, kuma maganinsa shi ne a farkon ambato a rubuta sijani, kifin teku mai ƙayar dafi da ke cin gansakuka, daga nan a ci gaba da sijani kawai. Ga yadda zai zauna a cikin bayani na gaske. An buɗe mashigin ruwan Suwez, wanda ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum, a 1869, kuma da gishirin tafkunan da ke tsakiyarsa ya ragu, sai halittun Bahar Maliya suka fara ƙetarawa arewa. An ga sijani na farko, Siganus rivulatus, a gabashin Bahar Rum a shekarun 1920, na biyun kuma, Siganus luridus, a shekarun 1950. Da yake wannan teku ba ta da kifaye masu cin gansakuka da yawa, kuma ruwanta yana ƙara ɗumi, sijanai sun yaɗu a gaɓar Labanon da Turkiyya da Girka, suka cinye dazuzzukan gansakukar da ƙananan kifayen wurin ke fakewa a ciki, suka bar duwatsu tsirara a wurare masu faɗi. Bakin da ke ceton murjani a Bahar Maliya shi ne ke yin ɓarna a Bahar Rum, inda gansakukar ce kanta mafakar halittu.

Idan malamai sun amince, kalmar namiji ce, a ce wannan sijanin, sijanin Bahar Maliya, garken sijanai. Nau'o'in kuma sai a bambanta su da siffa: Siganus luridus ya zama baƙin sijani saboda duhun launinsa, Siganus rivulatus ya zama sijani mai zanen rawaya saboda layukan da ke gefen cikinsa, Siganus vulpinus kuma, mai rawayan jiki da fuska baƙi da fari, ya zama sijani mai dogon baki. Shi kuwa Lagocephalus sceleratus, ina roƙon kada kowa ya rubuta masa kifin zomo ko da daga Larabci yake fassara. A kira shi kifi mai kumbura mai guba har mu buɗe masa nasa zaren.