Neman shawara: duk ranar da iska mai hawa ta yi rauni a gasar Condor, a gona nake ƙarewa

Isufu, Yantala, Yamai

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina miƙa gaisuwar ban girma ga manyanmu na wannan zaure, tare da roƙon su duba mini wata matsala da ta hana ni sakat. Yau wata bakwai ke nan da na fara tuƙa jirgin shawagi marar inji a manhajar Condor, mai kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta, kuma jirgi samfurin LS4 nake ɗauka a yawancin gasannin dare da ake yi ta intanet. Ranar da mai shirya gasa ya saki yanayi mai ƙarfi, inda iska mai hawa, wadda muke kira tarmik, take ɗaga jirgi mita 3 ko 4 a daƙiƙa, ba na jin kunya, domin nakan ƙare a tsakiyar jeri. Amma da zarar yanayin ya yi rauni, ni da layin ƙarshe sai dai in ji labari.

A daren Juma'ar da ta wuce an ba mu tafiyar kilomita 160 a taswirar Silobeniya, gindin gizagizai bai wuce mita 1,200 daga ƙasa ba. Na loda ruwan nauyi, wanda ake zubawa a tankunan fiffike don ƙara wa jirgi nauyi, lita 150 kamar yadda na saba, na sa lambar MacCready, wadda da ita ake lissafa gudun da za a yi tsakanin tarmik da tarmik, a kan 2.5, na fita ina gudun kilomita 150 zuwa 160 a sa'a, har na wuce jirage shida ina jin daɗi. A wajen kilomita 30, ina da tsayin mita 800, na sami tarmik mai ba da mita 1 a daƙiƙa, na kewaya sau biyu, na raina shi, na nufi wani girgije da na hango a gaba, ina sa ran tarmik a ƙarƙashinsa. Kafin in isa ya watse. Da na sauko mita 300 na ci karo da wata ƴar iska, na yi ta fama da ita ba hawa ba sauka, daga ƙarshe na ajiye jirgin a gona a kilomita 47, ina kallon waɗanda na wuce suna ratsawa ta kaina ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne karo na huɗu. Wace lamba ta kamata in sa a irin wannan rana, yaya zan yi da ruwan, kuma yaushe ne mutum zai karɓi tarmik mai rauni ba tare da ya ɓata lokacinsa ba?

Mushe Mamman Sani, Tawa

Wa alaikumus salam, Isufu ƙanena. Tun daga lambar 2.5 ɗin nan na ga inda gizo yake saƙa. Abin da ake sakawa a wannan ma'auni shi ne hawan da kake sa ran samu a tarmik na gaba, tun daga shigarka har fitarka, har da daƙiƙun da ka ɓatar wajen laluben cibiyarsa. Mai lissafin, Paul MacCready, Ba'amurke ne da ya lashe gasar duniya ta 1956 a Saint-Yan ta ƙasar Faransa, kuma ya gina shi a kan zaton cewa tarmik na gaba yana nan yana jiranka, za ka kuma isa wurinsa da sauran tsayi a hannu. A ranar rauni wannan zaton ne yake fara rushewa.

Ka yi haƙuri da tsohon malamin lissafi, sai na ja ka gaban allo. Mu ajiye zancen ruwa a gefe, mu ɗauka jirginka yana zubar da kimanin mita 0.8 a daƙiƙa idan kana gudun kilomita 110 a sa'a, da kimanin mita 1.6 idan ka kai 150. Idan hawanka na gaskiya mita 1 ne a daƙiƙa, to, kowace daƙiƙa ɗaya da ka yi kana gangara a gudun 110 za ka biya ta da daƙiƙa 0.8 ta kewaye, sai matsakaicin gudunka ya zama 110 a raba da 1.8, wato kusan 61. A gudun 150 kuwa, 150 ne a raba da 2.6, wato kusan 58. Ka ga mai saurin ne ma ya koma baya, ko da yake tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Babbar asarar tana wani wuri. Da mita 800 ɗin da kake da su, a iska kwantacciya, gudun 110 zai kai ka kusan kilomita 30, gudun 150 kuwa bai wuce ya kai ka 21 ba. Kilomita tara ɗin nan da ka yar, a cikinsu girgije na biyu da na uku suke, waɗanda za su cece ka idan na farko ya ci amanarka. Shawarata ita ce ka fara da 1 a irin wannan rana, kuma idan ka sauko ƙasa da rabin tsayin gizagizai, ka rage ta zuwa 0.5.

Ramatu, Harobanda, Yamai

Baba Mamman Sani ya ajiye ruwa a gefe, ni kuwa a kansa zan tsaya, Malam Isufu, domin a ganina shi ya ƙarasa ka a mita 300. LS4 da matuƙinsa ba ruwa yana kusan kilo 330, lita 150 kuma suna kai shi 480, abin da yake tilasta maka ƙara gudu da kusan kashi 20 cikin ɗari a kowane hali, har da lokacin kewaye. Idan kana kewayawa da gudun kilomita 90 a sa'a, fiffike a karkace digiri 40, daga tsakiyar da'irarka zuwa bakinta kimanin mita 76 ne, amma da ruwan nan sai ka yi kusan 108, sai tazarar ta zama mita 110. Tarmik mai rauni a kusa da ƙasa siriri ne, saboda haka kai a gefensa kake ta zagaye, inda iskar take fara sauka. Ruwa yana biyan kansa ne a ranar da hawa yake da ƙarfi. A ranar mita 1, ko dai kada ka loda shi, ko ka danna maɓallin W a kwamfuta ka zubar da shi tun a tarmik na farko da ka ga gaskiyar yanayin, ka kuma tuna cewa tankunan suna ɗaukar ƴan mintoci kafin su tsiyaye, don haka wanda ya jira sai mita 300 ya makara.

Ina kuma zargin cewa kana shimfiɗa fiffike idan hawa ya yi rauni, domin ni ma na yi hakan wata da watanni, ina zaton lallaɓawa ce. A karkatar digiri 20 da gudun 90, tazarar da na ambata tana kai wa mita 175, zagaye ɗaya kuma yana cin daƙiƙa 44. Ka buɗe maimaicin tafiyarka ka ƙirga. Idan zagayenka ya wuce daƙiƙa 25, ka ƙara karkata.

Abdu, Talaje, Yamai

Isufu, kada abin ya dame ka, matuƙan Faransa ma suna kiran sauka a gona tafiya wajen shanu, alamar kowa ya taɓa kai musu ziyara. Girgijen da ya watse maka ya daɗe da mutuwa kafin ka nufe shi. Mai rai gindinsa shimfiɗaɗɗe ne mai duhu, kansa a dunƙule kamar tulin kaɗa, wanda kuwa gefensa ya fara yagewa tarmik ɗinsa ya riga ya yanke. Wanda ya fi kyau a ido daga nisan kilomita 10 sau da yawa shi ne zai tsufa kafin ka iso, saboda haka na fi son ƙaramin da yake kan tohowa, musamman idan akwai wani a bayansa kan hanya ɗaya. Kuma idan kana ƙasa sosai, ka nemi tarmik ɗin ta ɓangaren da iska take fitowa, domin yana karkata ne ya bi iska yayin da yake hawa.

Mu a nan ba mu rasa malamai ba. Ka tsaya da hantsi a watan Afrilu ka kalli shirwa a saman kasuwar Katako. Ba ta kaɗa fiffike, tana matse da'irarta, kuma idan ta ga wata ta fi ta hawa can gefe, nan take take komawa wurinta. A kujerar ɗaki jikinka ba ya jin ɗagawar da matuƙin gaske yake ji, allurar baryo, na'urar da take nuna hawa da sauka, kuma tana makara da ƴan daƙiƙu, don haka ka ƙara ƙarar sautinsa, ka ɗauke ido daga allura, ka riƙa duban sauran jirage.

Sule, Bukoki, Yamai

Ina neman afuwar Mushe, amma ina tsoron kada mu warkar da Isufu daga wata cuta mu jefa shi cikin wata. Na san masu sa 0.5 tun daga layin farko, su tsaya a kowace iska da ta yi musu ƙara, su manne a gindin girgije suna tatsar mita 0.3 don su cika mita 50 na ƙarshe. Ba sa sauka a gona da wuri, gaskiya ne, amma rana tana tafiya a cikin manhajar kamar yadda take tafiya a waje, kuma idan yamma ta yi tarmik yana mutuwa ya bar su da kilomita 40 a gaba. Tsakanin lamba 0 da lamba 1 tazarar gangara kaɗan take raguwa, gudun kuwa yana ƙaruwa sosai, don haka ni ba na sa 0 sai ina neman tsira. Abin da na fi dogara da shi a ranar rauni shi ne ayari. Jirage biyar da suka bazu a faɗin kilomita ɗaya sun fi jirgi ɗaya saurin gano tarmik, kuma Isufu da ya wuce shida ɗin nan, masu yi masa leƙen hanya ya bari a baya. Sai dai idan ka shiga tarmik da wani ya riga ka, ka kewaya ta ɓangaren da yake kewayawa, domin karo a mita 500 ba ya barin kowa.

Mushe Mamman Sani, Tawa

Babu afuwar da za ka nema, Sule, maganarka tana kan hanya, kuma ta cike giɓin da na bari. Helmut Reichmann, Bajamushen da ya ci gasar duniya sau uku, a 1970 da 1974 da 1978, ya koyar da cewa a bar tarmik idan hawansa ya ragu zuwa abin da ake sa ran samu a farkon na gaba. Wannan ita ce amsar masu tatsar 0.3 a gindin girgije. Ita ce kuma amsar Isufu ta ɗaya gefen, domin da ya bar mita 1 a tsayin 800, ba shi da wata shaida cewa akwai abin da ya fi shi a gaba.

Ga yadda nake yi, ƙanena. Idan gizagizai suna mita 1,200, nakan kasa tsayin gida uku. Sama da 800 ina da zaɓi, ba na tsayawa sai ga abin da ya kai matsakaicin ranar ko ya fi. Tsakanin 800 da 400 ina karɓar duk abin da ya kai rabinsa, in hau da shi har in ga hanya, sannan in sake shi ba tare da na jira ƙarshensa ba. Ƙasa da 400 na daina gasa, ko 0.2 na samu ina riƙe shi, domin sau da yawa yakan ƙarfafa idan aka yi masa haƙuri. Matsakaicin ranar kuwa da agogo ake sanin sa. Allura tana iya taɓa 2.5 sau ɗaya a kowane zagaye ta ruɗe ka, amma idan ka hau mita 400 cikin minti 7, hawanka bai cika mita 1 a daƙiƙa ba.

Isufu, Yantala, Yamai

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na buɗe maimaicin daren Juma'a kamar yadda Malama Ramatu ta ce, na tarar zagayena a mita 300 yana cin daƙiƙa 38, tarmik ɗin da na raina kuma shi ne ya kai waɗanda suka zo bayana har mita 1,150. Jiya bayan sallar isha'i na shiga wata gasar mai rauni, ta kilomita 140, ba ruwa, lamba a kan 1, na kuma bi wasu jirage huɗu har wurin juyi na biyu. A can na sauko mita 350, hannuna yana zufa a kan sandar tuƙi, na riƙe 0.4 na tsawon minti 6 kafin ya zama 1.2. Na ƙare na goma sha huɗu cikin ashirin da uku, bakwai kuma sun tafi wajen shanu. Laifin da Yaya Sule ya faɗa ma na aikata shi, domin a tarmik na ƙarshe tsoro ya sa na hau fiye da buƙata, na tsallaka layi da rarar mita 300, jirage biyu suka wuce ta ƙarƙashina. Mushe, a gangarar ƙarshe ta ranar rauni, mita nawa kuke bari a matsayin rara, kuma daga wane nisa kuke fara kashe ta?