Neman takardun gwamnati da dokar FOI: ina ake maƙalewa?

Wakilin jarida:
Jama'a, kowa ya kawo abin da ya sani game da dokar 'yancin samun bayanai (FOI) ta Najeriya ta 2011. Nawa ke nan: a rubuta takardar neman bayanan kwafi biyu, a kai rajistar ma'aikatar, kada a bar wurin sai an buga hatimi da kwanan wata a kwafinka. Kwana 7 da doka ta ba su daga ranar karɓa ake ƙirgawa. In babu hatimin nan, gobe za a ce takarda ba ta iso ba.

Barista:
Haka ne, Malam. Kuma ba dole ka faɗi dalilinka ba, sashe na 1 ya sauke maka wannan. Suna iya ƙara kwana 7 idan takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai a rubuce. Wa'adi ya cika ka ji shiru, a wurin doka an hana ka ke nan, kuma kwana 30 gare ka ka je babbar kotu. A nan ake kayar da mutane: "oga ya yi tafiya", "dawo Litinin", har kwanakin su ƙare. Alƙali na iya ƙara lokaci, amma kada a dogara da hakan. A kotu, ma'aikatar ce za ta kawo hujjar hanawa.

Edita:
Rabin matsalar daga rubutunmu take. Ka tambayi "me ya sa aka bar aikin asibiti?", babu fayil mai wannan suna. Nemi takardar ba da kwangilar, sunan kamfanin, kuɗin da aka amince, da takardun biya, ka sa shekara da wurin aikin.

Tsohuwar ma'aikaciyar rajista:
Hatimin "sirri" a bangon fayil bai isa hujja ba, a duba sashe na 28. Sai sun nuna sashen da ya ba su damar hanawa, kamar tsaron ƙasa. Kuɗi kuwa na kwafi da na rubutawa ne kaɗai. In an aika takardarka wata ma'aikata, dole a sanar da kai.

Wakilin jarida:
Barista, jihohin da ke cewa dokar ta tarayya ce fa?

Barista:
Kotun Ƙoli ta raba gardamar a Afrilun 2025, a shari'ar da ta taso daga Edo: dokar ta hau kan jihohi. A ambaci hukuncin a cikin takardar. Amma Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar rajista, ta fi ni sanin cewa tarar naira 500,000 da dokar ta sa kan hana bayani ba bisa ƙa'ida ba ba ta cika girgiza kowa ba, tunda sai kotu ta kama mutum da laifi. Ƙara a kotu dai ita ke motsa fayil, shi ya sa ake tura kwafi ga sashen shari'a na ma'aikatar tun ranar farko.