Na ajiye aiki don Allah, yau wata bakwai shiru, tsoro ya fara cin ƙarfina

Abu Amatullah:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki. Wata bakwai kenan da na ajiye aikina, ba korata aka yi ba ni na ajiye da kaina saboda oga ya matsa sai na riƙa sa hannu a takardun kayan da na san ba su shigo sito ba, na kauce sau ɗaya sau biyu, a na uku ya ce ko in sa ko in san inda dare ya yi min. Ranar da na fito wallahi zuciyata fes, ina ta maimaita ayar nan ta Suratuɗ Ɗalaƙ, wanda ya ji tsoron Allah zai sanya masa mafita kuma ya azurta shi ta inda ba ya zato. Na ɗauka wata ɗaya biyu komai zai daidaita.

Yanzu ɗan abin da na tara ya ƙare, intabiyu huɗu na je duk sai a ce za mu kira ka, iyalina ga ciki ya tsufa, ga mai gidan haya yana kira. Amma abin da ya fi damuna tsoron ne. Wajen ƙarfe uku na dare zan farka gabana na dukan uku-uku, in yi alwala in tayar da sallah amma bakina na karatu zuciyata na lissafin bashi. Shekaranjiya 'yata ta kawo min takalminta na makaranta ya ɓalle ta ce Abba gobe ka sayo min wani, na ce toh, na shige banɗaki na rufe ƙofa na daɗe ban fito ba.

Tambayata, wannan tsoron yana nufin imanina ya samu matsala ne? Ni dai na yarda Allah ba ya saɓa alkawari, to in na yarda me ya sa jikina ke rawa haka?

Maman Husna:
Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta sau biyu kuma sai da na yi ƙwalla a wurin takalmin nan. Ka ɗauko Suratul Ƙasas ka karanta daga aya ta 7 zuwa ta 13 a nutse. Allah da kansa ya yi wa mahaifiyar Annabi Musa alkawari, ya ce ki shayar da shi, in kin ji masa tsoro ki jefa shi a kogi, kada ki ji tsoro kada ki yi baƙin ciki, za mu dawo miki da shi kuma za mu sanya shi cikin manzanni. Alkawari ƙarara ba ta bakin kowa ba. To me aya ta 10 ta ce? Ta wayi gari zuciyarta fayau babu komai a ciki sai ɗanta, har ta kusa tona asirin da bakinta ba don Allah ya ɗaure mata zuciya ba. Kuma ba a ce imaninta ya lalace ba, cewa aka yi an ɗaure zuciyar don ta kasance cikin muminai. Sannan ba ta zauna ba, ta tashi 'yarta ta ce bi sawunsa.

Ni shekara tara na yi a ɗakin miji ban haihu ba, babu kalar maganar da ban ji ba, akwai daren da ko addu'ar ba na iyawa sai dai in kifa goshi a ƙasa in yi ta kuka, da ina ɗauka wannan kukan rashin tawakkali ne sai daga baya na gane ai wurin wanda na yarda da shi na kai kukan. Annabi Yaƙubu ma ya yi kuka har idonsa ya yi fari kuma shi ne ya ce wa 'ya'yansa kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ka daina tuhumar imaninka ɗana, mutumin da ya ajiye albashi don kada ya sa hannu a ƙarya ba a banza ya yi ba.

Ɗalibin Ilimi:
Mama ta gama magana a kan tsoron, Allah ya saka. Ni wurin da na tsaya shi ne inda ka ce ka ɗauka wata ɗaya biyu komai zai daidaita. Ɗan uwa wa ya ba ka wata biyun nan? Ayar ta ce mafita, ta ce arziki ta inda ba ka zato, ba ta ambaci wata ba, kai ne ka liƙa wa alkawarin kwanan wata sannan da ranar ta wuce sai ka ji kamar alkawarin ne ya wuce. Kuma ba kai kaɗai ba, ya faru da wanda ya fi mu. A shekara ta 6 bayan hijira Annabi (SAW) ya fita da sahabbai wajen 1400 za su yi umara, ya riga ya ba su labarin za su shiga Makka su yi ɗawafi, aka tare su a Hudaibiyya, aka yi sulhu da sharuɗɗa masu ɗaci har Abu Jandal, wani musulmi da ake tsare da shi a Makka, ya gudo da mari a ƙafarsa aka mayar da shi suna kallo. Sayyidina Umar ya kasa daurewa ya ce ba ka ce mana za mu je Ɗakin mu yi ɗawafi ba? Annabi ya ce na faɗa, amma na ce maka bana ne? Ya ce a'a. Ya ce to za ka je kuma za ka yi ɗawafi. Yana cikin Bukhari. Suka juya Madina ba su ga Ka'aba ba, shekara ta 7 suka yi umarar, ta 8 aka buɗe Makka da mutum 10,000.

Kuma ka lura da "ta inda ba ya zato". Kai yanzu ƙofa ɗaya kake kallo, wayar intabiyu. Zai iya yiwuwa ba ta nan ba ne sam.

Baban Sadiƙ:
Ni gsky zan ɗan saɓa. Tsoron talauci fa daga Shaiɗan ne, Baƙara aya ta 268 ta faɗa ƙarara, Shaiɗan na yi muku alkawarin talauci Allah kuma na yi muku alkawarin gafara da falala. Kada mu lallashe shi har ya zauna da tsoron ya ɗauka ba komai. Ya yawaita istigfari kawai.

Maman Husna:
Baban Sadiƙ ayar gaskiya ce, amma duba ƙarshen maganar, yana tsoratar da ku da talauci sannan ya umarce ku da alfasha. Wato tsoron da ake gudu shi ne wanda zai kai mutum ga saɓo. Wannan bawan Allah an tsorata shi da talauci don ya sa hannu ya ƙi, ai ya riga ya amsa wannan ayar tun wata bakwai da suka wuce. Faɗuwar gaba da dare kuma daban, a yaƙin Khandaƙ Allah ya ce zukata sun kai maƙogwaro kuma sahabbai ake magana. Istigfarin dai na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Injiniya:
Malam Abu Amatullah ni ba malami ba ne amma na taɓa zama shekara ɗaya da wata uku ba aiki, bari in tambaye ka, mutum nawa suka san kana nema? Don ni kunya ta sa na ɓoye, kullum in saka kaya in fita kamar mai zuwa ofis, sai ranar da na cire kunyar na kira tsofaffin abokan aikina ɗaya bayan ɗaya sannan abu ya fara motsi, kuma ba ma irin aikin da na karanta ba ne. Ka duba hijira, Allah ya yi alkawarin kare Annabinsa amma duk da haka an tanadi raƙuma biyu, an ɗauki ɗan jagora Abdullahi bin Uraiƙiɗ, an nufi kudu alhali Madina na arewa, an kwana uku a kogon Saur, Amir bin Fuhaira na bi da tumaki yana ɓatar da sawu. Duk wannan shirin sannan a cikin kogon aka ce kada ka yi baƙin ciki Allah na tare da mu.

Abu biyu zan roƙe ka. Ka je ka samu mai gidan hayan ido da ido kafin ya sake kira, ka faɗa masa halin da ake ciki ka nemi lokaci. Sannan in rashin barcin da bugun ƙirjin sun ci gaba ka ga likita, ba rashin tawakkali ba ne. Madam ta san gaskiyar inda aka kwana kuwa?

Abu Amatullah:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri har da Baban Sadiƙ. Injiniya tambayarka ta ƙarshe ta kama ni, ba ta sani ba, ina ta cewa akwai sauran kuɗi don kada hankalinta ya tashi da cikin nan. Jiya bayan isha na zaunar da ita na faɗa mata komai, ta yi shiru can ta ce ai ta daɗe da sani tun ranar da ta ga na daina sa agogona, jira take in faɗa da bakina, kuma ta ce da na sa hannun nan da ita ce ba za ta iya barci ba. Mama na karanta Ƙasas ɗin, a aya ta 10 na kasa wucewa. Har yanzu babu wanda ya kira, kuma daren jiya ma ƙarfe uku na farka, amma na yi raka'a biyu ban yi lissafin bashi a ciki ba. Na rubuta sunan mutum shida da zan kira yau, na kira biyu ɗaya bai ɗauka ba ɗaya ya ce in turo takarduna. Takalmin kuma na kai an ɗinke. Gobe in sha Allah zan je wurin mai gida, ku sa ni a addu'a dan Allah.