Lambar yabo ga masu kare daji da namun daji: karramawa ce ko shagalin ɗaukar hoto?

Ɗan Gardama: Salam jama'a. Ni fa na gaji da bikin nan na ba da lambobin yabo ga masu kare muhalli, kowace shekara a tara manya a wani ƙaton ɗaki a Landan ko Amurka a yi tafi a ɗau hoto a watse. Maganata ita ce lambar nan ba ta taɓa tsare ko bishiya ɗaya ba, kuma yawanci ba wanda ya sha wahalar ake ba wa ba. Mai ja ya fito.

Uwar Biyu: Haba ɗan'uwa, yabon gwani ai ya zama dole. Wangari Maathai ta Kenya fa? Tun 1977 ta kafa ƙungiyar Green Belt, matan karkara suka shuka bishiyoyi sama da miliyan 50, a 1999 har fasa mata kai aka yi a dajin Karura don ta hana a yanka shi filaye. Da aka ba ta Nobel ta zaman lafiya a 2004, mace ta farko daga Afirka, kai sai ka ce ba ta cancanta ba?

Ɗan Gardama: Ta cancanta Hajiya, ban musa ba. Amma ke da bakinki kin ce matan karkara ne suka shuka. Faɗa min sunan guda ɗaya cikinsu.

Uwar Biyu: Toh ai ba za a kira mata dubu-dubu kan dandamali ɗaya ba. Kuma ƙungiyar tana biyan matan ɗan wani abu kan kowane dashe da ya rayu, ba a banza suka yi ba.

Tsohon Malami: Ku bari in sa baki. Ɗana, inda ka ce ba ta taɓa tsare bishiya ba nan ka zarce. Yacouba Sawadogo manomi ne a arewacin Burkina Faso, ba shi da digiri ba shi da ofis. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 mutane na ta ƙaura, shi kuwa ya tsaya yana haƙa ƙananan ramuka a fako tun da rani, ya zuba taki a ciki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan sama in ya sauka ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Mutane har mahaukaci suka ce masa. Da haka ya tayar da daji na kusan hekta 40 kusa da Ouahigouya. Sai gari ya faɗaɗo, aka fara yanka filayen gini a cikin dajin nasa, ya yi ta kuka shekara da shekaru ba mai saurare. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, a 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙara masa tata, a 2021 aka zagaye dajin da shinge. Kai a ganinka da duniya ba ta san sunansa ba za a yi shingen nan?

Ɗan Gardama: Baba na karɓi wannan. Amma ka duba shekarun da ya yi yana jira, sai da Turawa suka tafa masa sannan na gida suka ga mutum ne. Kuma ya rasu a 2023, shekara nawa ya mora?

Injiniya: Gsky ni ina bayan Ɗan Gardama a rabin maganarsa. A wannan 2018 ɗin dai an ba Tony Rinaudo ɗan Ostireliya irin lambar, saboda sassaben zamani da ya fara koyarwa a yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980, wato maimakon ka tumɓuke kututture a gona sai ka bar tohon da ya fi ƙarfi ka rage sauran ya girma ya zama bishiya. Ana maganar hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a Nijar. To wa ya riƙe wuƙar yana sassabe? Wa ya hana awaki cinye tohon, wa ya yi rigima da masu saran itace da dare? Manoma ne. Mutumin ya yi ƙoƙari wlh ban raina masa ba, amma lambar sunan mutum ɗaya ke kanta.

Tsohon Malami: Injiniya ai wanda ya nuna hanya ma yana da haƙƙinsa.

Injiniya: Yana da shi Baba, ni dai rabon ne bai min ba.

Auta: Ni abin da ke ci min rai daban ne. Kuna ta cewa lamba tana ba da kariya. Berta Cáceres ta Honduras an ba ta lambar Goldman ta masu kare muhalli a 2015 saboda ta tsaya kan hana gina dam a kogin al'ummarta, ko shekara ba a cika ba aka bi ta har gida aka harbe ta a Maris 2016. Ken Saro-Wiwa na Najeriya, mai fafutukar kare muhallin Ogoni, shi ma ya karɓi Goldman a 1995, a Nuwamban shekarar aka rataye shi. Ina kariyar?

Admin: Auta a tsaya kan muhalli dan Allah, kar a juya mana zauren zuwa siyasa.

Auta: Yaya ai tarihi ne ba siyasa ba. Kuma ƙungiyar Global Witness ta ƙirga mutum 227 da aka kashe a 2020 kaɗai saboda kare ƙasa da muhalli, mu nawa muka san ko ɗaya a cikinsu.

Uwar Biyu: Ƙanwata amma ki lura, saboda an san Berta ne duniya ta yi caa har aka kama mutane aka yanke musu hukunci, har da wani babba a kamfanin dam ɗin. Waɗancan da ba a sani ba fa, wa ya bi kadinsu?

Ɗan Gardama: Yauwa kun zo inda nake so. Masu gadin gandun dajin Virunga a Kongo sama da 200 aka kashe a bakin aiki suna tsaron goggon biri da giwaye, ga 'yan bindiga ga masu gawayi ga mafarauta. Mutum ya kwana a daji da takalmi ɗaya ya yage, albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, in ya mutu a bar matarsa da marayu. Lambar muhalli ta Earthshot tana ba gwanaye biyar fam miliyan ɗaya-ɗaya duk shekara. A ɗauki ko kaɗan daga irin kuɗin nan a yi wa masu gadi inshora mana, wannan ce karramawar da zan yarda da ita.

Injiniya: Akwai fa wadda ake ba masu gadin su kansu. Ƙungiyar Tusk mai kare namun dajin Afirka tana da lamba ta musamman dominsu, a 2021 Suleiman Saidu na gandun Yankari ne ya karɓa saboda tsaron giwayen wurin. Kuma 31 ga Yuli ranarsu ce ta duniya.

Ɗan Gardama: Mutum ɗaya a shekara, a nahiya guda. Sauran abokan sintirinsa fa?

Tsohon Malami: Kai dai ba a iya maka. Da farko ka ce lamba ba ta da amfani, yanzu kuma kana cewa ba ta isa kowa ba. Wanne za mu kama?

Ɗan Gardama: Duka biyun Baba.

Uwar Biyu: To in gobe aka kira ka Landan karɓar lamba sai ka ce a bar ta ko?

Ɗan Gardama: Zan je mana Hajiya, wa ke ƙin jirgi kyauta. Amma in sun ba ni makirufo sai sun yi da-na-sanin gayyata ta.