Birki na ƙara bayan an sa sabon fad: wa ya taɓa gani?

Mai Corolla, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na canza fad ɗin birkin gaba, wato takalman da ke matsewa su tsayar da taya. Tun ranar, da na taka birki sai ƙiii, har masu adaidaita suna waiwayowa, alhali birkin na kamawa lafiya lau. Da na koma gareji na ga tsofaffin a ƙasa, kowanne da siririn fallen ƙarfe a bayansa, sababbin kuwa babu. Yaron ya ce ba shi da wani amfani. Haka ne?

Bakanike, Panteka: Alhaji, yaron bai sani ba ne. Shim ke nan. Ƙarfe ne da aka shafe da roba, kaurinsa da ƙyar ya kai milimita 1, yana zama tsakanin bayan fad da fistin da ke tura shi in an taka birki. In fad ya matse diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, sai ya riƙa karkarwa, karkarwar nan ce kunnenka ke ji. Robar ke shanye ta. Ni in tsohon bai lanƙwashe ba, wanke shi nake yi, in ɗan shafa giris na birki a bayansa, in mayar. Amma a kiyaye, kada giris ya taɓa fuskar fad ko diski.

Direba, hanyar Damagaram: Ni nawa da shim ɗinsa ya zo, amma mai araha na saya. Bayan tafiya uku da kaya gam ɗin da ya riƙe shim ɗin ya saki saboda zafi, fallen ya zame gefe yana gugar ƙarfe. A bakin hanya muka kwance taya, ga ƙurar hunturu.

Mai shagon kayan mota: Oga direba, abin da nake fama da masu saye a kai ke nan. Wannan ɗan fallen da ake rainawa, kamfanoni ne sukutum suka ƙware a kansa: Trelleborg a garin Kalmar na Suwidin, Meneta a Denmak, Wolverine a Amurka, Nichias a Japan. Su ke sayar wa masu haɗa fad. Mai son karya farashi kuwa a nan yake fara ragewa, ya manna ƙarfe zalla ba roba. Kullum ina cewa a buɗe kwali a juya fad ɗin a duba bayansa kafin a biya. Wasu motocin Toyota ma shim ɗinsu daban ake sayar da shi.

Mazaunin Ingila: Tawa mai lantarki ce, babu ƙugin inji, ko ɗan ƙaramin kukan birki sai ya cika motar.

Mai Corolla, Kano: Na gode Malam. Na koma gareji da safe neman tsofaffin shim ɗin, uku na samu, na huɗun ya bi mai gwangwan. Oga mai shago, kana da saitin gaba?