Abin da aka tattauna a majalisarmu kan shiga sabuwar shekara

Daren jiya hira ta yi tsawo a majalisarmu ta Tudun Wada, ga hunturu ga shayi. Maganar ɗaya ce: yaya za a shiga Janairu ba bashi a wuya?

Baba, dattijon cikinmu, ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 lissafin gida ya canja, don haka mai hali ya sayi masara da wake yanzu, kafin hatsi ya yi wuya da bazara. A busar da su sosai, a zuba a buhun da iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu, kada a barbaɗa magani a abin da yara za su ci. Nan aka fi daɗewa, don kowa ya taɓa asarar wake.

Kuɗin makaranta kuwa, aka ce a roƙi 'yan adashi kwasar farkon zango. Ban gamsu ba, kowa ita yake so.

Wani malami daga Samaru ya ce labarin WhatsApp a bar shi ya kwana, sai an ji a rediyo a tura. Aka yi dariya, don shi ya fi kowa turawa.