Kano ce farko ko Maiduguri?

Ɗan Fagge: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu sun ɗauka harkar jirgin sama daga Legas ta faro. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya buɗe hanyar kai wasiƙu daga Kartum zuwa Kano, sau ɗaya a mako, da jirgin DH.86 mai inji huɗu. Sai a Oktoba aka ja hanyar har Legas. Kano ce farko, amma ko a aji ba a faɗa wa yara.

Ɗan Yerwa: Farko kuma? Malam, jirgin da ya taso daga Kartum, ya bi ta El Fasher da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ina zai fara dira in ya shigo Najeriya? Maiduguri mana. Ɗauko taswira ka duba.

Ɗan Fagge: Wanda ya tsaya shan mai ai ba baƙonka ba ne. Kano aka nufa.

Ɗan Yerwa: To tayarsa a ƙasar wa ta fara taɓawa? Ku Kanawa komai naku ne.

Bazazzagi: Ku duka kun makara. Tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka zo daga Masar, wani hafsa mai suna Coningham ne jagoransu, har Kaduna suka kai.

Ɗan Fagge: Su ma ai sun sauka a Kano. Kuma na soja daban, mu wasiƙa muke magana.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ni kakana ya ce jiragen Turawa na lokacin a kan ruwa suke sauka. Ina jin a Tiga ne.

Bazazzagi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, Tiga sai a shekarun 1970 aka gina ta. Masu sauka a ruwan, gaskiya ne, akwai su, ƙirar kamfanin Short. Daga Southampton ta Ingila suke tashi, su sauka a kogin Nilu da tafkin Victoria, har Durban ta Afirka ta Kudu. A Kartum ake sauke buhunan wasiƙunmu, ƙaramin jirgi ya ɗauko.

Hajiya Babba: Wato kakana ƙarya ya yi ke nan?

Bazazzagi: Subhanallahi, ban ce ba.

Ɗan Yerwa: Ka ce mana. Ka ba ta haƙuri kawai, haihuwarka ta yi.

Bazazzagi: Kai kuma wa ya sa da kai? Ɗazu Kanawa, yanzu ni.

Ɗan Yerwa: Ni dai har yanzu ba wanda ya ba ni amsa a kan taswira.

Malam na Ƙofar Mata: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda jirgin 1936 Kano ya nufa, kuma Legas daga baya ta zo. Batun Maiduguri zango ne a hanya, ba ma musun wannan. Bazazzagi, gobe ka kira Hajiya ka gaishe ta.

Ɗan Yerwa: Ni ban yarda ba, kada a sa ni cikin "kowa".